Peugeot 504 da ta daɗe a ajiye: ta ina za a fara tashinta?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi, malamin firamare a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Ya ce mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, ya bar Peugeot 504 salun ƙirar Kaduna, tana ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar gida tun rasuwarsa a 2012, kuma lafiyarta ƙalau aka ajiye ta. Yana son ya mayar da ita titi. Abokansa sun ba shi shawara ya sayo sabon batir da galan ɗin fetur ya ba ta wuta, in ta ƙi tashi a tura, in ta ƙi turuwa a ɗaure ta a bayan tarakta a ja. Yana tambaya ko hakan ya yi, kuma ko motar ta cancanci wahalar.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa Baba, ya sa aljanna ce makoma. Motar ta cancanci wahalar, in dai jikinta bai ruɓe ba. Amma shawarar abokanka kada ka ɗauke ta, ko da wasa. A aikinmu na gareji, yawancin tsofaffin injinan da ake kawo mana a lalace, zaman da suka yi bai kashe su ba, mintuna biyar na farko da aka tashe su da gaggawa ne suka kashe su. Wanda ya wuni da azumi da ruwa da kunu yake buɗe baki kafin a kai ga tuwo, to inji ma haka yake so a bi da shi.

Kafin ka taɓa sifana, akwai maganar da ta fi ta ƙarfe. Motar nan dukiyar gado ce. In ba a raba ba, ku zauna da iyayenka mata da 'yan'uwanka a gaban malamin da ya san rabon gado, a yi mata kuɗi a yadda take yanzu, tayoyi a ƙasa, ƙura a jiki, a san ta faɗa rabon wa, a rubuta da shaidu. Na ga gidajen da mota ta shekara goma kaji na ƙwai a cikinta ba wanda ya waiwaye ta, ranar da ta yi fenti ta fara sheƙi kowa ya tuna yana da haƙƙi. Ka kashe wannan wutar tun ba ta kama ba.

Daga nan sai dubawa, kuma ka yi ta da rana tsaka, da sanda a hannu. Mota da ta daɗe a tsaye gidan kowa ce: maciji, kunama, ɓera, gafiya, rina. Buɗe ƙofofi huɗu da bonet da but, ka bar ta ta sha iska da rana, ka bubbuga kujeru kafin ka sa hannu a ƙarƙashinsu. Sai ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ɗauki sukundireba kana dannawa: ƙasan ƙafar direba, ƙarƙashin ƙofofi, wajen da shokazoba na gaba suke ɗaure a cikin bonet, mazaunin batir, da wajen da ƙafafun baya suka kama jiki. Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban irin na babbar mota, jikin nan shi ne ƙashin bayanta. Tsatsa ta sama-sama ba komai ba ce, bushewar ƙasarmu ma tana taimakon ƙarfe ƙwarai. Amma in sukundireba ta huda wajen da ƙafa ko sitiyari suke kamawa, tsaya nan, ka kira mai walda ya gani ya faɗa maka gaskiya kafin ka kashe ko sisi a inji.

Da yake ka ce ƙasar Ringim, dole in tambaye ka ruwa. Garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja sun sha ambaliya, ta 2022 ma ba a manta da ita ba. Shin ruwa ya taɓa kwanciya a ƙofar gidan nan? Ko ba ka nan lokacin, motar za ta gaya maka: cire kwalin ƙofa ɗaya ka duba ciki, za ka ga layin busasshen taɓo daidai inda ruwan ya tsaya. In ya kai tsakiyar taya, ka ɗauka ya shiga birki da boris ɗin ƙafa, wataƙila har giyabos da difaransha. In ya haura ƙasan kujera, to wayarin da inji ma sai an yi musu binciken ƙwaƙwaf.

Yanzu inji, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka. Injin da aka fi sa wa 504 ta Kaduna mai silinda huɗu ne, kusan lita biyu, a kishingiɗe yake gefe guda, bulok na baƙin ƙarfe, kansa na alminiyam. Shekarun nan da ya yi a tsaye, duk baƙin man da ke jikin fistan da metal (faranti da karanshaf yake juyawa a kansu) da bawul ya tsiyaye ya koma ƙasa. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, a bushe, wataƙila da ɗan tsatsa a bangon silindar da bawul ɗinta ya kwana a buɗe. In ka ba shi wuta a haka, ringi zai karye ko ya kankare bangon silib (bututun ƙarfen da fistan yake hawa da sauka a cikinsa), metal ya cinye. In kuwa aka ja da tarakta aka saki kuloci a giya, ƙarfin da zai sauka a kansa ya isa ya lanƙwasa kwanrod. An taɓa kawo mana wata irinta daga wani ƙauye a kan janwe, bayan an yi mata wannan jan. Da muka buɗe murfin bawul, sandunan tura bawul guda biyu sun lanƙwashe, saboda bawul ɗin sun cije a mazauninsu, ƙarfin ja ya rasa inda zai bi. Mai ita ya sayi aikin da baƙin mai cokali biyu da haƙurin mako guda za su hana.

Abin da za ka yi shi ne, ka fara share ƙura da yashi a kewayen fulogi, domin na 504 a cikin rami mai zurfi suke, duk abin da ke bakin ramin cikin silinda zai faɗa. Sa wa wayoyin alama kafin ka zare su. Cire fulogin huɗu, ka zuba wa kowace silinda kamar cokali biyu na baƙin mai da aka sirka da man gas ko man giyar otomatik, ka toshe ramukan da tsumma mai tsabta, ka tafi harkarka kwana huɗu ko mako. Da ka dawo, ka zare sandar awon mai. Ka kwance noti na ƙasan inji a hankali, kada ka cire shi gaba ɗaya tukuna, ka kalli abin da zai fara ɗigowa. Ruwa ya fi mai nauyi, shi yake kwanciya a ƙasa, in akwai shi shi zai fara fitowa, fari tas. In man ya fito baƙi mai kauri, alhamdu lillahi. In ya fito kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, sai an nemo ta inda ya shiga. Juye shi duka, sa sabuwar filta, zuba sabon mai 20W-50, wajen lita huɗu yake ci.

Sannan ka buɗe murfin bawul, ka tsiyaya mai a kan rokoki, ka sa giya a firi, ka kama notin fulin gaba da babbar sifana ka juya da hannu, ta ɓangaren da agogo yake juyawa in kana fuskantar motar. A hankali. Idonka a kan bawul takwas ɗin nan, kowanne ya sauka ya dawo da kansa. Wanda ya sauka ya ƙi dawowa, tsaya, ka jiƙa shi da mai, ka ɗan bubbuga shi da guduma ta roba har ya saki. In injin ya zagaya sau biyu cif ba tare da ya cije ba, ka yi hamdala, rabin fargabarka ta wuce. In ya ƙi motsi, kada ka sa dogon bututu a sifana ka hau kai. Ƙara mai, ƙara kwanaki, kana ɗan gwada shi gaba da baya. In har ya kafe, sai a buɗe kan silinda. A nan ga abin da ƙananan makanikai na yanzu da yawa ba su sani ba: silib ɗin 504 zarewa suke yi, ruwan sanyaya inji yana kewaye da su kai tsaye, kuma akwai siririn abin toshewa a gindin kowanne. Idan kan silinda yana cire aka juya inji ba a danne silib ɗin da noti da faffaɗan washa ba, za su ɗago, abin toshewar ya yage, daga ranar ruwa ya riƙa sauka cikin mai. Shi ya sa nake ba ka shawara ka nemi dattijon makaniken da ya yi zamanin Peugeot. Suna nan a Kano, a Haɗeja, a Gumel, wasu sun koma noma amma hannunsu bai manta ba. Ka biya shi kuɗin mota ya zo har gida, ya fi maka arha a kan yaron da bai san komai ba sai na'urar kwamfuta.

Fetur kuma, wanda ya rage a tanki ya daina zama fetur tun tuni. Buɗe murfin ka sansana, za ka ji wari kamar na tsohon fenti, a ƙasan tankin kuma ya zama danƙo ja mai yauƙi, ga tsatsa. In wannan ya bi bututu ya hau, zai toshe kafireta, ya kuma manne bawul, injin ya tashi yau gobe da safe ya cije. A sauke tankin a wanke, a hura bututun ƙarfen da iska, a canza duk wani tiyon roba ko da ido ya ga kamar lafiyarsa lau, a sa sabuwar filtar mai. In tankin ya huje, nemi wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Kada ka yarda wani ya kusance shi da wutar walda don an ce ya bushe, tururin da ya rage a ciki shi ne yake fashewa. Famfon fetur yana da wata fatar roba a ciki, in ta tsage fetur yana zubewa cikin baƙin mai ba ka sani ba, don haka a canza shi ko a canza fatar. Kafireta a sauke ta a warware, a jiƙa, a hura jet-jet da iska. Ban da zura waya ko allura, tana faɗaɗa ramin, motar ta koma shan mai har abada. Buɗe gidan filtar iska ma, nan ne ɓera ya fi son tara ɓawon gyaɗa da tsummoki, zanzaro kuma yana gina ɗakinsa na laka a kowane ƙaramin rami, har bututun numfashin tanki da bakin salansa.

Lagireto a kai wa masu wankewa su buɗe su zuzzura, tiyo na sama da na ƙasa sababbi, fanbel sabo, famfon ruwa a girgiza shi a ji ko yana rawa. Abu biyu nake roƙonka a nan. Kada ka bari a jefar da tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, kamar yadda aka saba wai don ƙasarmu da zafi. In ya mutu a sa sabo, domin injin da ba ya kai zafinsa da wuri ya fi cin mai da saurin tsufa, musamman da sanyin hunturu. Kuma kada ka cika shi da ruwan rijiya zalla. Gishirin da ke ciki yana toshe lagireto, yana cin alminiyam ɗin kan silinda. Sayi ruwan kulan na gaske.

Wayarin ba ya son dogon bayani, amma shi ne yake ƙone mota ƙurmus. Bi wayoyin da ido da hannu, a bonet da ƙarƙashin dashbod, duk inda ɓera ya ci a gyara a naɗe. Duba gidan fiyus, in ka tarar an naɗa waya ko takardar sigari a madadin fiyus, cire. Ranar haɗa batir, ɗaura kan fositif, sai ka sa ƙaramin ƙwan mota tsakanin kan negatif da wayarsa. In komai a kashe yake amma ƙwan ya kama da haske sosai, akwai inda wuta take zuba, kada ka haɗa sai mai wayarin ya gano. A dilko, wato mai raba wa fulogi wuta, goge kwantak da lallausar sanfefa ko ka sa sabo da kwandensa, tazararsa milimita 0.4, ta fulogi 0.6. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, kuma Faransawa daga wajen giyabos suke fara ƙirga silinda ta ɗaya, wannan ya rikita mutane da yawa. Bawul ana saita su inji na sanyi, na shiga 0.10, na fita 0.25.

Ranar tashi, a turo motar fili, kada a tashe ta a rumfa ko zaure, hayaƙin salansa yana kisa ba a ji warin abin da ke kisan ba. Kori yara, ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi kusa. Fulogi suna cire, wayar kwayil a zare, ka murɗa makulli na daƙiƙa goma, ka huta, ka sake, har jar fitilar mai ta mutu a dashbod. Wannan ne shaidar mai ya zagaya ko'ina. Sannan a mayar da fulogi a tashe ta. Kada kowa ya tsaya yana tsiyaya fetur a bakin kafireta ana ba ta wuta. In ta yi tari ta baya, wutar a fuskarsa za ta sauka. In ta kama, bar ta a silo, ban da taka totur don a burge 'yan kallo. Za ta yi hayaƙi mai shuɗi na ɗan lokaci, man da ka zuba ne yake ƙonewa. Kai dai idonka a kan fitilar mai da allurar zafi, wani kuma ya durƙusa yana duba yoyo. Fitilar mai ta kama, ko ka ji ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, kashe nan take. In ta yi minti ashirin lafiya, kashe ta, ta huce, a sake duba ruwa da mai. Man nan na farko na wanki ne, bayan 'yan ɗaruruwan kilomita ka juye shi da filtarsa.

To a nan ne zuciya za ta fara raya maka ka ɗan zaga gari a gani. Kada ka yi. Tashin inji ba shi ne hawa titi ba, kuma ni a wurina birki ya fi inji muhimmanci, don injin da ya mutu a hanya kunya kawai zai ba ka, birkin da ya tsinke kuwa rai ne, naka ko na yaron wani. Man birki yana jan danshi daga iska, shekara da shekaru yana cin masta da fistocin ƙafa daga ciki. Feda za ta iya yi maka tauri a tsaye, ka taka ta da ƙarfi sau ɗaya a hanya roba ta fashe ta tafi ƙasa. Saboda haka ba a gwada tsohon birki, sabunta shi ake yi: robobin masta, na kalifa, na silindar baya, tiyoyin roba da ke zuwa ƙafafu (suna kumbura ta ciki, birki ya kama ya ƙi saki), da duk bututun ƙarfen da tsatsa ta ci. Fad da shu sababbi, domin tsohon shu yana iya ɓarewa daga ƙarfensa. Ƙurar tsohon birki kada ka hura ta da baki ko da iska, na wancan zamanin da yawa da asbestos aka yi su, yana illa ga huhu. Jiƙa tsumma ka goge. A zuba man birki DOT 3 ko DOT 4 daga sabuwar roba da ba a fasa ba, a cire iska ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da masta. Ruwan omo da wasu direbobi suke zubawa a hanya, da baƙin mai, kada ko ɗaya ya shiga motar nan. Kulocin 504 ma da man birki yake aiki, a yi masa irin wannan hidimar. Sau da yawa za ka tarar faifan kuloci ya manne da fulawil, giya ta ƙi shiga in inji na aiki. Akan sake shi a fili, amma sai birki ya kammala, kuma makaniken ne zai yi, ba kai ba; in ya ƙi, a sauke giyabos.

Tayoyin da ta zauna a kansu sun gama aiki, ko da zanensu bai goge ba, har da safaya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Masu ƙera taya da kansu ba sa yarda a wuce shekara goma da ita, kwaltarmu kuma a watan Afrilu ba ta raga wa tsohuwar roba. Ka duba wannan lambar ko a shago, musamman in 'yar kwatano aka miƙo maka. A ɗaga motar a jak, a tokare da ƙarfen tsayawa ko kututture mai ƙwari, ban da bulon siminti, a girgiza kowace ƙafa a ji boljoyin da tayarod da boris, a sake musu giris, a duba robobin sitiyari da bushin. A juye man giyabos da na difaransha. Giyabos ɗin 504 mai giya huɗu baƙin mai irin na inji kamfanin ya ce a zuba masa, difaransha ne mai cin man giya mai kauri.

Kayan gyara ba za su gagare ka ba. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 shekaru da dama bayan Turai ta daina, har cikin shekarun 2000, shi ya sa har yau Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna ba sa rasa kayanta. Matsalar jabu ce. Tafi da tsohon abin a hannunka, tafi da makaniken, kuma a kayan birki da sitiyari kada ka nemi mai arha. In wani ya ce a cire injin a dasa na Japan, ni ban goyi baya ba matuƙar nata yana juyawa. Injin nan ana sake masa silib da fistan da ringi ya dawo sabo, darajar motar kuma a asalinta take. Fenti da kujeru su ne na ƙarshe, in kuɗi ya rage.

Gwaji na farko a filin idi ko filin makarantarku bayan an tashi, giya ɗaya da biyu, kana taka birki kana jin ko tana fizga gefe. Sannan burji, ba ranar kasuwa ba. Bayan kowace fita ka kusantar da bayan hannunka ga kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi birkinta na kamawa ko boris ɗinta ya bushe. Sai ta yi 'yan makonni tana zirga-zirgar kusa kafin ka ɗora ta a hanyar Gezawa zuwa Kano, kuma tafiyar farko ban da iyali. Ka tuna ba ta da jakar iska ba ta da birkin zamani, bel ɗin kujera shi kaɗai ne kariyarka, in ya ruɓe a canza. Fitilu, sigina, hon, waifa, duk su yi aiki.

Takardu kuma ka fara nemansu tun yanzu a akwatin Baba: rasit ɗin saye, tsohon lasisi, duk abin da ke ɗauke da lambar shasi da ta inji, ka gwada su da na jikin motar. In an yi mata rajista kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, wataƙila tsohuwar lambar KN ce a jikinta, wadda ba ta aiki yanzu. Ka je ofishin rajistar motoci da takardar rabon gado da shaidar kotu, a mayar da ita sunanka, a ba ka sabuwar lamba da lasisi, jami'an VIO su duba ta su ba da takardar lafiyar mota. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ta koma naira 15,000 a farkon 2023, ka yanka a kamfani mai rajista, ban da ta bakin tasha. Da waɗannan a hannu, 'yan Road Safety da KAROTA ba su da abin cewa in ka shiga birni.

In ta dawo hanya, a riƙa hawanta ko sau ɗaya a mako, tafiyar da za ta kai inji ya yi zafi sosai, birki da kuloci su motsa. Tashinta a tsaye na minti biyar ba ya wadatarwa, danshi kawai yake tarawa a salansa da cikin mai. In kuma za ta sake yin dogon zama, zare kan batir, ƙara wa tayoyi iska, ka bar hambirki a sake ka tokare ta da dutse, kuma a daina ajiye buhunan gero a kusa da ita, su ne suke kiran ɓera.